Na Ɗora Fuskata a Kan Ilimin Yayata, Irin Waken Mata Ya Ruɓe

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri kan wannan shafi. Ina gaida masu karatu baki ɗaya, manya da ƙanana. Don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata. Ku kuma jama'a, ina roƙonku ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagina. Zagin ma na riga ku, don babu safiyar da zan tsaya gaban madubi ban yi wa kaina tir ba. Shawara nake nema, kuma daga yau zuwa Alhamis ɗin nan kawai ya rage mini.

Ni mace ce, ina gabatar da shirin noma a wani ƙaramin gidan talabijin a Kano, ba zan faɗi sunansa ba. Asalina 'yar wani ƙauye ce tsakanin Ɗambatta da Bici, irin garuruwan nan da gona take manne da gona, in kana sharar taka sai ka yi hankali kar ka shiga ta maƙwabci. Mu biyu Inna ta bari a duniya, ni da yayata. Zan kira ta Yaya Habi, ko da yake ba sunanta ke nan ba. Ita ta goya ni, ita ta yi mini kitso, da ƙuli-ƙulinta da wakenta na yi karatu a Bici har na gama. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, baƙaƙe ne mu duka biyun, sai dai ita an yi mata tsage a kumatu, ni kuwa kafin a haife ni an daina. Duk yankinmu an san ta da abu ɗaya: ajiyar irin wake. Wakenta yana kaiwa lokacin shuka ƙwaro bai taɓa shi ba, kuma ba ta sa magani. Shi ya sa matan ƙauyukanmu da suka haɗa ƙungiyar ajiyar iri suka danƙa mata mukullin ɗakin ajiyarsu, shekara da shekaru yana hannunta.

Yadda na samu aikin nan ma abin ƙyama ne. Wata ƙungiya ce daga ƙasar waje ta ɗauki nauyin shirin noma, da sharaɗin dole a riƙa ganin mata, musamman matan karkara. To gidan ba su da mace ko ɗaya sai mai karɓar baƙi a ƙofa, shi ne aka nemo ni a gurguje aka cike gurbi. Ranar farko mai kula da shirye-shirye, wanda kowa yake ce wa Oga, ya saurari muryata ya ce ta yi. Sai ya kalle ni daga sama har ƙasa ya ce, “Amma fa kin yi duhu. Fitilunmu ba sa kama baƙar fata.” Shi da ya faɗi haka baƙi ne wuluk, kuma kullum yana gaban fitilun nan yana sharhi, ban taɓa jin an ce ba su kama shi ba. Ashe fitilar ta san namiji da mace? Na duba 'yan matan da yake hayowa su yi talla, duk farare ne masu dogon hanci, wasu ko Hausar ba ta zauna a bakinsu ba. Na gane karatun. A makon na fara shafa man bilicin. Yau in kin gan ni sai ki rantse ba cikin Inna na fito ba, gaɓoɓin yatsuna ne kawai suka ƙi yarda, su nake rufewa da lalle. Kuma kun san halin da ake ciki a ƙasar nan, abinci ya gagari mai albashi ma, wa zai yi wasa da aikinsa?

Da kakar bara aka ce a kawo shawarar shiri kan ajiyar amfanin gona, tunda maganin ƙwari ya fi ƙarfin talaka. Ni da bakina na ce na san wata mata a garinmu. Wata mata, Anti. Ban ce yayata ba ce. Muka ɗauki mota da kyamara muka tafi. Na riga na ja Yaya gefe na ce kar ta nuna mun haɗa jini, wai dokar aiki ce. Ta ce to, har da cewa Allah ya tsare mini aikina. Mijinta ya ba da izini, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida kusa da rumbu da hantsi, ta zauna da ƙwaryar wake da jarka. Wallahi ban taɓa sanin haka yayata ta iya magana ba. Ba ta yi i'ina ba, ba ta kalli ƙasa ba. Har yau ina jin muryarta:

“Ki shanya shi a tabarma kwana uku ko huɗu, rana mai ƙarfi. Kar ki tsaya a kan abin da idonki ya gani. Ki ɗauki ƙwaya ɗaya ki ciza. In ya ce ƙas ya rabe biyu, ya bushe. In haƙorinki ya shige shi ya bar shaida, mayar da shi rana, ko da maigida yana tsaye yana jiran tabarmarsa. Sannan ki bar shi ya huce a inuwa, kar ki zuba shi da zafinsa, gumi zai yi. Ki cika jarka har wuya, ki girgiza ki ƙara, ki sa leda ki murɗe murfi. Ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska.”

Ta ɗauki ƙwaya ta ciza a gaban kyamara, ya ce ƙas, ta yi dariya. Mai ɗaukar hoton kansa sai da ya ce wannan baiwar Allah malama ce.

Muka koma Kano. A ɗakin haɗa hoto Oga ya shigo yana sakace, ya ce a nuna masa. Ana zuwa wurin cizon nan ya ce a tsayar. Fuskar yayata ta cika allon, baki buɗe, haƙora jajur da goro. Ya fashe da dariya har yana dukan tebur. Ya ce, “Wannan za mu tura wa Turawa? Dubi haƙora, dubi tsage, ga ta baƙa ƙirin ko idonta ba a gani. Ai sai su ɗauka tallar yunwa muke yi.” Masu haɗa hoton suka kwashe da dariya. Kun san me na yi? Na taya su. Ni, da bayan matar nan ya ɗauke ni, na buɗe bakina mai janbaki na yi dariya, har na ƙara da cewa ai mutanen ƙauye sai haƙuri. Wace irin 'yar'uwa ce ni? Me zai same ni in na ce, Oga, yayata ce? Zai cinye ni ne?

Sai ya juyo ya ce, “Ke ba 'yar can ba ce? Ki haddace abin da ta faɗa, ki ɗaura zane da kallabi, mu koma mu ɗauke ki. Mace suke so su gani, ga mace, kuma wadda za a iya kallo.” Na so in ce a'a, Allah ya sani, amma wani ɓangare na zuciyata daɗi ya ji. Wadda za a iya kallo. Na zaɓi ranar kasuwar Ɗambatta, don na san Yaya ba ta gida. Na ce wa mijinta ƙarin hoton rumbu muke so. Na zauna a kan tabarmarta, na jawo ƙwaryarta da jarkarta, na fara zuba zance kamar ni na haifi ilimin. Da na zo wurin cizo na kai ƙwayar bakina, sai dariyar Oga ta dawo mini a kunne, na tuna janbakina, na sauke hannu. Cewa kawai na yi, “Ku shanya shi ya sha rana.” Maganar hucewa a inuwa kuwa na faɗa, amma aka yanke ta wajen haɗawa, don Oga ya ce shirin ya yi tsawo, wa zai zauna yana kallon shanya? Ina zaune aka yanke. A raina gani nake ai jarkar ce sirrin, sauran duk surutun ƙauye ne.

Ku da kuke birni ba za ku gane yadda abu yake yawo a wajenmu ba. Babu wuta, babu talabijin a yawancin gidaje, amma akwai masu cajin waya, su suke tura wa mutane bidiyo. Cikin 'yan kwanaki shirin ya shiga gida-gida a wayoyin mazaje, mata suna taruwa suna kallo. Suka ga rumbun, suka ga bishiyar darbejiyar tsakar gidan, suka gane ni duk da farin da na yi. Suka ce ai ƙanwar Habi ce, abin da ta faɗa daga bakin Habi ya fito. A da, mace takan ƙullo 'yan ƙwayoyi a gefen zane ta aiko wa Yaya ta ciza ta ce ya yi ko bai yi ba. Wannan karon suka ce ga shi an kawo musu har ɗaki, me ya rage? Ga shi ruwan bara ya yi jinkirin ɗaukewa, raɓa ta yi yawa, waken ya shigo gida da danshinsa. Suka shanya yini ɗaya, suka ga ya yi kyau a ido, suka ɗura da zafinsa suka murɗe.

Yaya ba ta da babbar waya, sai bayan makonni ta gani a hannun maƙwabciya. Ta kira ni. Na ɗauka zagi zan sha. Ba ta tambaye ni ina fuskarta ta tafi ba, ko da wasa. Cewa ta yi, “Auta, na ga shirin, kin yi kyau. Amma kin tsallake cizo, kin tsallake inuwa. Ki koma ki gyara da wuri, mata za su yi asara.” Ita kuma ta bi gidajen garinmu ɗaya bayan ɗaya tana sa ana buɗe jarkoki ana mayarwa rana. Amma ƙauyuka nawa ƙafarta za ta kai? Na samu Oga na faɗa masa. Ya ce shirin ya riga ya fita, masu ɗaukar nauyi sun yaba, gyara yana nufin mun amsa mun yi kuskure, kuma shi ba ya kuskure a kan wake. Na fito na koma bakin aikina. Da Yaya ta sake kira, na ce mata an gyara, an sake sakawa. Ta ce alhamdu lillahi, ta daina bin gari. Wannan ƙaryar ta biyu ita ce ta fi ci mini rai, don da ban yi ta ba da ta ci gaba da zagayawa.

Da bazarar nan na je gida suna. Ina ɗakin Yaya da rana ina gyara ɗaurin ɗankwali, sai na ji sallama. Wata tsohuwa ce daga wani ƙauye mai nisa, a ƙafa ta zo da jarka a ka, ana ce mata Iya Mairo. Ba ta amsa gaisuwa ba. Ta sauke jarkar a tsakiyar gida ta buɗe ta kifa. Anti, warin da ya tashi har cikin ɗaki ya same ni. Waken ya cure wuri ɗaya, ya yi baƙi da kore, funfuna ta lulluɓe shi, sai da ta bubbuga gindin jarkar ya faɗo gunduwa-gunduwa. Kaji ma sun zo sun shinshina sun juya. Ta ce, “Habi, daga bakin jikokina na cire wannan. Suna kuka na hana su, na ce na shuka ne. Ke muka yarda da ke.” Ina tsaye a bayan labule, ƙafata ɗaya kawai zan ɗaga in fito in ce Iya ni ce. Ban ɗaga ba. Na ji yayata ta durƙusa ta ce, “Ki yi haƙuri Iya, laifina ne. Ni ce ban koya wa yarinyar daidai ba.” Ta shiga rumbu ta auno mata daga nata irin. Ni kuwa na jira tsohuwar ta tafi, na fito ina toshe hanci da gyale. Hanci na toshe, jama'a, kamar ba ni na yi warin ba.

Daga ranar mata suka yi ta zuwa. Duk wadda ta zo Yaya ta auna mata, har nata ya ƙare tas, yanzu ga gero ya tsiro, lokacin shukar wake ya matso, ita da take ajiye wa gari iri ba ta da abin da za ta sa a tata gonar. Ko wannan bai wanke ta ba. Magana ta bazu cewa da gangan ta ɓoye rabin sirrin, don na kowa ya lalace a dawo a sayi nata, kuma kyautar da take yi borin kunya ne don asirinta ya tonu. Matan da ta yi wa wankan jego suna ganinta a rijiya su juya baya. An daina aiko mata goron gayyata. Ranar Alhamis ɗin nan ƙungiyar matan za ta zauna a gidan mai unguwa, su karɓe mukullin daga hannunta a gaban kowa. In aka yi haka, sunan mazambaciya ya zauna mata ke nan har ta mutu, kun san ƙauye ba ya mantuwa.

Ni kuma a nan? Ƙungiyar ƙasar wajen nan ta zaɓe ni in je Abuja taro, wai ni ce muryar matan karkara a kafafen yaɗa labarai. Baturiyar da ta zo daga wurinsu ta kama hannuna biyu tana cewa tana alfahari da ni, ina ta ƙoƙarin lanƙwashe yatsuna kar ta ga baƙin gaɓoɓin. Oga ya tsaya kusa da ni aka ɗauki hoto yana washe baki, yana ba ta labarin yadda gidanmu yake ɗaga mata. Mutumin da ko a taron safe in na ɗaga hannu sai ya ce in duba ko ruwan shayi ya tafasa. Ƙyamarsa nake ji, ƙyamar ɗakin nan da fitilunsa nake ji, amma duk ba ta kai wadda nake ji a kaina ba. Shi bai san Yaya ba. Ni fa?

Hoton asali yana nan a wayata, na sa wani daga masu haɗa hoton ya tura mini. Yaya ce a ciki tana faɗin komai daidai, da cizon, da inuwar, babu abin da ta ɓoye. In na kai shi gidan mai unguwa ranar Alhamis na kunna, magana ta ƙare, kuma kafin la'asar zai shiga kowace waya a yankin, daga nan ya iso Kano. Na gwada taɓa wa Oga zancen. Bai ko ɗaga kai daga wayarsa ba ya ce, “Ki fitar mana. Turawa su janye, shirin ya mutu, duk masu cin abinci a nan su koma gida, sai ki ciyar da su. Kuma ki rubuta ki ajiye, ba zan ƙara ɗaukar mace ba. Dama na faɗa, ku matsala ne.” Na san zai aikata. Akwai 'yan mata biyu da suka fara zuwa koyon aiki saboda sun gan ni, su ma ƙofar za ta rufe a fuskarsu.

Duk da haka jiya da safe na yanke shawara. Na kira Yaya ina kuka, na faɗa mata komai, har da dariyar da na yi, har da ƙaryar an gyara. Ina jin awaki suna kuka a bayanta. Na ce zan zo Alhamis in kunna a gaban matan. Sai ta ce, “Kar ki kuskura.” Na ce Yaya sunanki fa? Ta ce, “Auta, tunda aka kafa garin nan ke kaɗai ce mace da ta taɓa fitowa a talabijin. 'Ya'yana mata in sun gan ki sai su ce su ma za su yi karatu. In kika faɗi, me zan ce musu? Ni dama ba wanda ya taɓa ganina, me zan rasa? In kin ɗauke ni uwa, ki zauna inda kike. In kika zo, ban yafe ba.” Ta kashe wayar. Na sake kira har sau huɗu ba ta ɗaga ba.

To ga inda nake, Anti. In na yi shiru, jibi za su tsayar da matar da ta raine ni a gaban mata 'yan'uwanta su karɓi mukulli su kira ta maciya amana, ni kuma in hau mota in tafi Abuja a tafa mini. In na je, na karya maganarta, ita da ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan. Wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, amma bayan zagin ku ba ni amsa don Allah.

Me zan yi?